Takalmi da Guzurin Mai Dogon Gudu

Akwai wata magana da muke yawan ji a bakin samarinmu, musamman 'yan makaranta, in an zo batun tseren dogon zango. Sai yaro ya ce shi ma da ya sami irin takalmin da mutanen Kenya ke sawa, da irin abin nan da suke tsotsa a 'yar leda suna cikin gudu, da tuni an ji sunansa a rediyo. Da ya faɗi haka sai ya koma gindin bishiya ya zauna, wai yana jiran ranar da kayan za su zo. Malamin wasanni kuwa, da yake shi ma bai taɓa riƙe irin takalmin nan a hannunsa ba, sai ya yi shiru. Ta haka ake asarar yara masu ƙafa da numfashi, shekara da shekaru.

Saboda haka muka ga ya kamata mu zauna mu duba abin da mai dogon gudu yake bukata a ƙafarsa da cikinsa. Wanda muke nufi shi ne mai gudu don sha'awa da neman lafiya, wanda ba mai biyansa ko kwabo: malamin makaranta, ko akawun ƙaramar hukuma, ko ɗalibin da zai wakilci makarantarsu. Mun kuwa ɗauki ƙasar Batsari da ta Safana, a yammacin Jihar Katsina, don su zama ma'auni. Can nesa suke da manyan kantunan kayan wasanni, ga rana, ga rairayi, ga ƙaya. Abin da ya ishi mai gudu a can, lalle zai ishe shi a ko'ina cikin ƙasar Hausa.

Gudu ba baƙonmu ba ne

Tseren da ya fi shahara a duniya shi ne gudun famfalaki, wanda Turawa ke kira maraton. Nisansa kilomita 42 ne da mita 195, watau mil 26 da yadi 385 a lissafin da. Wanda ya tashi daga birnin Katsina ya nufi Batsari, in ya ci wannan nisa, ya riga ya ci mafi yawan hanyar. Akwai kuma rabinsa, da na kilomita 10, da na kilomita 5, waɗanda su ne suka fi dacewa da mai koyo.

Tun 2016 da aka fara babban gudun famfalaki na Legas, galibi mutanen Kenya da Habasha ke kwashe manyan kyaututtukan, 'yan ƙasa na biye. Amma wannan bai nuna cewa ba mu da ƙafa ba. Abbas Mohammed, wanda ya wakilci Nijeriya a wasannin Olamfik na 1988 a birnin Seoul, ya gama wannan nisa cikin awa 2 da minti 16 a 1990.

In kuwa muka waiwaya baya, za mu ga kakanninmu sun san dogon zango tun ba a zo da agogo ba. Kafin zuwan mota, in Sarkin Ruma zai tashi daga ƙasarsa, ko Yarima daga tasa, don zuwa Katsina hawan Salla, bisa doki suke zuwa, zagage kuwa a ƙasa suke, gaban doki, tun daga gida har birni. Mafarautan Dajin Rugu kan wuni suna bin sawun nama da karnukansu. Fulani makiyaya kan bi shanu daga hantsi har faɗuwar rana. Fatake sun yi ta kai da kawowa tsakanin ƙasar Hausa da Gwanja don sayen goro, tafiyar watanni. A zamanin En'e ma, sau da yawa da ƙafa masinja ke kai takardar hakimi wurin dagatai. Duk waɗannan mutane suna da takalminsu, suna da guzurinsu, sun kuma san lokacin tafiya da lokacin yada zango. Abin da ya rage mana shi ne mu auna nasu da abin da masana suka gano daga baya, mu ga wanne za a riƙe, wanne za a gyara.

Batun takalmi

Ran 10 ga Satumba, 1960, saura mako uku Nijeriya ta sami mulkin kai, wani sojan Habasha mai suna Abebe Bikila ya ci gudun famfalaki na Olamfik a birnin Roma, cikin awa 2 da minti 15 da daƙiƙa 16, ba ko takalmi a ƙafarsa. Bayan shekara huɗu, a Tokyo, ya sake ci, wannan karon da takalmi, cikin awa 2 da minti 12. A 2017 kuma wata budurwa makiyayiya a ƙasar Meziko, Lorena Ramirez, ta ci tseren kilomita 50 a cikin duwatsu, sanye da fatari da takalmin da aka yanka daga tsohuwar roba, irin wanda masu gyaran takalmi ke yanka mana daga tayar mota.

A ɗaya gefen kuma, a 2017 kamfanin Nike ya fito da wani takalmi mai kaurin ƙasa, da wani faranti mai tauri a cikinsa, aka sa masa kuɗi dalar Amurka 250. Da aka gwada shi sai aka ga yana rage wa mai gudu kimanin kashi 4 cikin 100 na ƙarfin da yake kashewa. Abin ya jawo gardama har hukumar wasannin guje-guje ta duniya ta kafa doka a 2020, cewa kaurin ƙasan takalmin tseren hanya kada ya wuce milimita 40. To, kashi 4 cikin 100 babban abu ne ga gwanayen da daƙiƙa kaɗan ke raba su da juna. Amma ga wanda bai taɓa gama kilomita 10 ba tare da tsayawa ba, horon wata uku zai ba shi ninkin-ba-ninkin abin da takalmin nan zai ba shi.

Kada fa wani ya ji labarin Bikila ya tuɓe takalmi ya shiga daji. Shi ƙafarsa ta saba tun yana yaro, kuma a kan titin birni ya yi tserensa. Hanyoyinmu na ƙauye cike suke da tsidau da ƙarangiya da ƙayar aduwa, ga fasassun kwalabe a bayan gari, ga kububuwa da kunama. Ƙafar akawu da ta shekara goma cikin sau-ciki ba ɗaya take da ƙafar makiyayi ba. Gudu ba takalmi ya dace ne a filin makaranta da aka share, na ɗan lokaci kaɗan, ga wanda ya saba.

Mu dai abin da muka zaɓa shi ne takalmin gudu mara nauyi, mai taushin ƙasa, ko da na gwanjo ne. Mai saye ya je da yamma, lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura, ya gwada da safa a ƙafarsa. Ya bar fili kamar faɗin babban yatsan hannu tsakanin yatsun ƙafa da bakin takalmin, gama ƙafa na ƙara girma in gudu ya yi nisa, takalmin da ya matse kuwa shi ke baƙanta farce har ya cire. Ya kife takalmin ya dubi dunduniya: in ta cinye ta gefe ɗaya, ya bar shi, don zai karkatar masa da gwiwa. Ya danna ƙasan da yatsa: in ya bushe ya yi tauri kamar itace, ransa ya ƙare. Sabon takalmin gudu yakan yi kilomita 500 zuwa 800 kafin ya mutu, na gwanjo kuwa wani ya riga ya ci rabonsa a ciki. Takalmin ƙwallo mai ƙusoshi ba na hanya ba ne, silifa kuma ba ta riƙe dunduniya. Wanda bai sami komai ba sai kambas na makaranta, ya yi gudunsa da shi a kan ƙasa, ya guji kwalta.

Safa ba ƙaramin abu ba ce. Ita ke hana bororo, muddin ba ta da tudun ɗinki kuma ba ta naɗe a cikin takalmi ba. A yanke farce tun kwana biyu kafin tsere. Mai faso ya riƙa shafa man kaɗanya da dare, da hunturu musamman. Man kaɗanyan nan har wa yau shi ne maganin saɓar fata a cinya da hammata, inda tufa ke goga. Sabon takalmi kuwa ba a fara sa shi ranar tsere, gama ba a fafe gora ranar tafiya.

Tufa da sauran tarkace

Riga mara nauyi, mai haske, wadda iska ke ratsawa, ita ce ta gudu. Rigar ƙwallo ta gwanjo ta isa, ta ma fi ta auduga saurin bushewa. Wando ya zama sakakke, wanda ya rufe gwiwa, don mutunci da kuma ƙarangiya. 'Yan mata su ma suna iya gudu da dogon wando da riga mai dogon hannu da ɗan ƙaramin hijabi mara nauyi, kamar yadda mata Musulmi na ƙasashe da dama ke shiga manyan tsere. Malfa ko hular hana-salla tana tare rana. Wasu samari kan sa rigar leda ko rigar sanyi da rana tsaka, wai don su yi gumi su rage ƙiba. Wannan ganganci ne. Ruwa kawai suke zubarwa, zai kuwa dawo da zarar sun sha, zafin da suke tarawa a jiki kuma yana iya kisa.

Agogon nan mai auna nisa da bugun zuciya abin sha'awa ne, amma ba tilas ba ne. Cikakken zagayen filin tsere mita 400 ne, wanda a da ake aunawa yadi 440. Zagaye 25 ke nan kilomita 10. Malami da igiyar awo da toka zai iya shata wannan a filin makarantarsa cikin yini ɗaya. Ma'aunin sauri kuma yana bakin mutum: in kana gudun horo ba ka iya yi wa na kusa da kai magana, ka yi sauri da yawa. Tafiya sannu-sannu kwana nesa.

Rumbu biyu a jikin mutum

Kafin mu zo kan abinci, ya kyautu mu san yadda jiki ke ajiyarsa. Jikin mutum kamar gida ne mai rumbu biyu. Ɗaya babba ne, na kitse, ba ya ƙarewa da wuri, amma ƙofarsa ƙarama ce, kaɗan-kaɗan ake ɗiba. Ɗayan ƙarami ne, na wani irin sukari da jiki ke sarrafawa daga hatsi da rogo da dankali ya ajiye a tsoka da hanta. Wannan ƙofarsa a buɗe take, shi ake ɗiba in ana gudu da ƙarfi, sai dai abin da ke ciki bai fi rabin kilo ba. Cikin awa ɗaya da rabi zuwa biyu na gudu mai ƙarfi yakan kusa ƙarewa. Shi ya sa masu gudun famfalaki da yawa kan ji ƙafafunsu sun mutu a wajen kilomita 30. Hikimar ciyar da mai gudu duka ita ce a cika ƙaramin rumbun nan kafin a tashi, a riƙa ɗan zuba masa a hanya, a sake cika shi in an dawo.

Da me gwanayen Kenya ke cika nasu? A 2004 masana sun auna abin da waɗansunsu ke ci a sansanin horo, suka tarar kimanin kashi uku cikin huɗu na ƙarfin da suke samu daga abinci mai sitaci da sukari yake fitowa. Babban abincinsu shi ne ugali, watau tuwon masara, da ganye da wake, da shayi mai madara da sukari. Mutanen Habasha kuma nasu wata irin faffaɗar waina ce ta ƙananan hatsi. 'Yan ƙabilar Lorena ta Meziko garin soyayyar masara suke damawa da ruwa su sha a hanya, abin da bai yi nisa da gumba ko farau-farau ba. Ashe abin da ke rumbun manomin Safana shi ne abincin zakarun duniya.

Mu ɗauki misali. A ce wani malami a Safana ya yi niyyar gudun kilomita 20 ran Asabar da safe. Daren Juma'a sai ya ci tuwon gero ko na dawa ko na masara da miyar kuka, ko shinkafa, ko dafaffen dankali, wanda ƙasar Batsari ta yi suna wajen nomansa tare da rogo. Ya ci ya ƙoshi daidai, ya rage mai da yaji da nama mai kitse. Da asuba, kamar awa ɗaya ko biyu kafin ya tashi, ya sha koko ko kunu da ɗan sukari, gama da ruwan ciki ake jan na rijiya. Amma ya bar ƙosai sai ya dawo, don abin da aka soya da mai yana daɗewa a ciki, yana kuma kawo ƙwarnafi da ciwon gefe in an girgiza shi.

Gudun da bai kai awa ɗaya ba ba ya bukatar a ci komai a hanya. In ya wuce haka, masana sun ce a riƙa shigar da giram 30 zuwa 60 na sukari ko sitaci kowace awa. 'Yar ledar nan da ake gani gwanaye na tsotsa, wani abu ne mai kauri kamar zuma, sukarin da ke ciki bai fi giram 25 ba. Dabino shida zuwa goma, gwargwadon girmansu, za su ba da abin da ake bukata na awa guda. Mu a wurinmu dabino ne sarkin guzurin mai gudu: ba ya lalacewa, ba ya narkewa a aljihu, yana samuwa a kowace kasuwa. A cire ƙwallon tun a gida, busasshe kuma a ɗan jiƙa shi ya yi laushi, a riƙa cin biyu ko uku kowane minti 20, ana korawa da ruwa. Gutsuren mazarƙwaila ma yana yi, haka zuma, haka ayaba. Ƙuli-ƙuli da kilishi da dakuwa guzurin matafiyi ne na ƙwarai, amma na mai tafiya a hankali ne. Mai da ke cikinsu da yaji ba su dace da cikin da ake girgizawa ba.

In malamin nan ya dawo gida, to, nan ne fura da nono ke da ranarta. Gero zai mayar da abin da aka ɗiba daga rumbu, nono zai gyara tsokar da ta wahala, ruwan da aka dama da shi zai kashe ƙishirwa. Da wuya a sami abin sha na kanti da ya tara ukun nan kamar yadda ƙwaryar fura ta tara su. Ya sha cikin awar farko bayan ya huce. Sai dai a lura da tsabtar nonon da ruwan damun, gama gudawar kwana biyu tana rushe horon mako biyu. Kafin gudu kuwa, in za a sha fura, a ba ta awa biyu ko uku ta sauka. Sauran yini ya ci wake, ko ƙwai, ko kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli, ko nama in ya samu. 'Yan mata masu gudu sun fi kowa bukatar irin wannan abinci, da hanta in da hali, saboda ƙarancin jini.

Ruwa da gishiri

A 1954, a wasannin ƙasashen Daular Ingila da aka yi a birnin Vancouver na Kanada, wani Baturen Ingila mai suna Jim Peters, wanda a lokacin ba wanda ya kai shi sauri a gudun famfalaki, ya shigo filin wasa yana gaban na biye da shi da kimanin minti 17. Saura ƙasa da zagaye ɗaya ya gama sai ya fara tangaɗi, ya faɗi, ya tashi, ya sake faɗuwa, har aka ɗauke shi bai kai ƙarshe ba. Zafi da ƙishirwa ne suka kayar da shi, bai kuwa sake shiga tsere ba. To, in zafin Kanada ya yi wa gwani haka, ina ga zafin Batsari a watan Afrilu, lokacin da ma'aunin zafi kan kai digiri 40?

Mai gudu cikin zafi yakan zubar da gumi lita ɗaya a awa, wani ma fiye. Ledar ruwan nan da ake sayarwa rabin lita ce. Leda ɗaya zuwa ɗaya da rabi a kowace awa, ana kurɓa kaɗan-kaɗan, ta ishi yawancin mutane. Wanda ke son sanin nasa, ya hau sikeli kafin gudu da bayansa: kowane kilo ɗaya da ya ragu, ruwa ne kamar lita ɗaya. Fitsari ma shaida ne. In ya yi ja kamar shayi, jiki na bin bashin ruwa. Da hunturu a ƙara lura, don iska na busar da gumi nan da nan, mutum bai san yana zubar da shi ba.

Gumi kuma ba ruwa ne zalla ba, da gishiri a cikinsa, shi ne farin da ake gani a riga in ta bushe. Wanda ya yi awoyi yana gumi yana ɗura ruwa zalla fiye da kima, gishirin jininsa na iya tsinkewa, kansa ya yi ciwo, hankalinsa ya rikice, abin har yakan kai ga mutuwa. Don haka in gudu zai wuce awa ɗaya da rabi, a haɗa ruwan gishiri da sukari irin wanda ake koya wa mata a asibiti: lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, sukari cokalin shayi shida a shafe, gishiri rabin cokali. Mai so ya ɗiga ruwan tsamiya ko lemun tsami don ɗanɗano. Abin sha na 'yan wasa da ake sayarwa da tsada, wanda aka fara haɗawa a wata jami'ar Amurka a 1965, ruwa ne da sukari da gishiri.

Ya wajaba kowane malamin wasanni ya san alamun bugun zafi. In yaro ya fara tangaɗi, ko yana magana ba kan gado, ko ya daina gane mutane, jikinsa ya yi zafi rau, a tsayar da shi ko yana gardama. A kai shi inuwa, a rage masa tufa, a yi ta kwara masa ruwa mai sanyi ana fifita, a nemi abin hawa zuwa asibiti. Kada a ɗura wa wanda ya suma ruwa a baki. Mai zazzaɓi kada ya yi gudu sai ya warke sarai, mai cutar sikila kuma sai da shawarar likita.

Goro da ƙwaya

Goro yana ɗauke da sinadarin nan na gahawa mai wartsake jiki, an kuma tabbatar yana ɗan taimakon mai dogon gudu. Hukumar da ke yaƙi da shan ƙwayoyi a wasanni ta duniya ta cire wannan sinadari daga jerin abubuwan da ta hana tun 2004. Babban mutum da ya saba cin goro, ɓari ɗaya kafin gudu ba laifi. Yara kuwa ba su bukatarsa, haka nan lemunan gwangwanin nan da ake cewa suna ƙara kuzari.

Ƙwaya ita ce abin tsoro. A wasannin Olamfik na 1904 a Amurka, masu kula da wani ɗan tsere, Thomas Hicks, sun ba shi guba kaɗan da barasa a hanya, wai don ya ƙara ƙarfi. Ya ci tseren, amma sai da aka tallabe shi, ya kuwa kusa rasa ransa. Abin da wasu samarinmu ke yi da Tramadol bai bambanta da wannan ba. Ƙwayar ba ta ƙara ƙarfi ko kaɗan, ciwo kawai take ɓoyewa, alhali ciwo shi ne mai gargaɗin da Allah ya sa a jiki. Tana kawo farfaɗiya, tana kama mutum ya kasa bari. Tun farkon 2024 an hana ta a lokacin gasa a duniya duka. Ko magungunan ciwon jiki na kemis, irin su Ibuprofen, shan su kafin dogon gudu cikin zafi yana iya taɓa ƙoda.

Lokaci da hanya

Lokacin gudu a ƙasarmu shi ne bayan sallar asuba in gari ya waye, ko kuwa bayan la'asar sakaliya. Da bazara a rage nisa. Da damina da kaka da farkon hunturu ake tara horo, in ban da ranar da ƙura ta yi yawa. Da azumi, mai so ya yi ɗan gudu mara ƙarfi dab da faɗuwar rana, ko ya bari sai bayan ya sha ruwa abinci ya sauka. Malamai kuma su daina sa tseren dogon zango da azahar don kawai manyan baƙi sai lokacin suke isowa. A yi shi da sassafe, a ba da kyauta da yamma.

Ba za mu rufe ido ga halin da yankin nan ya shiga ba. Tun wajen 2015 mutanen Batsari da Safana sun sha wuya a hannun ɓarayin shanu da 'yan bindiga masu fakewa a Dajin Rugu, an rasa rayuka, an bar gonaki, makarantu da dama sun tsaya. A 2025 an yi zaman sulhu a ƙananan hukumomin biyu. Duk da haka rigakafi ya fi magani. Mai gudu ya tsaya cikin gari ko filin makaranta, ya fita tare da abokai, ya gaya wa mutanen gida hanyar da zai bi da lokacin da zai dawo, ya kuma ji shawarar mai unguwa da jami'an tsaro. Akwai wani abu kuma da baƙo ba zai sani ba. A garin da ya taɓa ganin tashin hankali, mutum a guje da sassafe yana iya tsinka zukatan jama'a, mata su kwashi yara, 'yan sintiri su yi zaton wani abu. Saboda haka a sanar da mutane tun da wuri, a sa rigar wasa wadda kowa zai gane, a yi sallama in an wuce majalisa.

Ga malamai

Garin Bekoji na Habasha ƙaramin gari ne na manoma. Wani malamin wasanni na makaranta a can, Sentayehu Eshetu, shi ya fara horar da Derartu Tulu, wadda ta ci tseren mita 10,000 a Olamfik na 1992, da Kenenisa Bekele, da Tirunesh Dibaba. A garin Iten na Kenya kuma, wani malamin labarin ƙasa mutumin Ailan, Colm O'Connell, ya iso makarantar sakandare a 1976 bai san komai game da horar da 'yan tsere ba, daga baya ɗalibansa suka cika duniya, cikinsu har da David Rudisha. Gaskiya ne garuruwan nan a kan tsaunuka suke, sama da mita 2,000, inda iska ke ƙarfafa jinin mazauna wurin, mu kuwa a ƙasar Katsina ba mu da wannan. Shi ya sa ma yawancin 'yan dogon tseren Nijeriya daga Jihar Filato suke fitowa. Amma a duk wuraren nan malamin makaranta ne ya fara ganin yaron, ya auna masa fili, ya riƙe masa agogo.

Abin da muke roƙon malamai da ma'aikatan ilimi na ƙananan hukumomi kaɗan ne. A shata zagayen mita 400 a share ƙaya. A ajiye tulu ko randar ruwa mai tsabta a bakin fili. A tambayi yaro ko ya karya kumallo kafin a sa shi gudu. A fara da zagaye kaɗan, a riƙa ƙarawa sannu a hankali mako-mako, a ba da ranakun hutu. A buɗe littafi a riƙa rubuta sunan kowane yaro da nisan da ya yi da lokacinsa, yadda in malami ya sami canjin wurin aiki wanda ya gaje shi zai tarar da tarihi. In kuwa an sami 'yan kuɗin wasanni, kafin a kashe su a kan rumfa da lasifika, a sayi takalma ko ƙafa goma na gwanjo masu kyau, da mudun dabino, da ƙwaryar fura ta bayan tsere. Allah ya ba ƙasar Ruma da ta Safana zaman lafiya mai ɗorewa, ya sa mu ga ranar da ɗan Batsari ko ɗan Runka zai shigo gaba a tseren Legas, amin.